Muƙami da Girma: Kalmomin Shugabanci na Ingilishi a Hausar Ofisoshin Garin Lafiya

1.0 Gabatarwa

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro sababbin jihohi shida. Ɗaya daga cikinsu ita ce Jihar Nasarawa, wadda aka yanko daga Jihar Filato aka mai da Lafiya babban birninta. Garin da bai wuce mazaunin sarki da hedikwatar ƙaramar hukuma ba sai ya wayi gari yana bukatar ma'aikatu da hukumomi da sassa, kowanne da shugabansa. Ma'aikatan gwamnati 'yan asalin yankin suka kwaso ya-nasu-ya-nasu daga Jos, kuma kamar yadda aka saba gani duk lokacin da aka yi sabuwar jiha, da yawa daga cikin waɗanda suke mataimaka a can sun tsinci kansu a kan kujerar shugabanci a nan, wasu ma suna shugabantar mutanen da suka girme su nesa ba kusa ba. An sake ganin irin wannan, ko da yake bai kai na farko yawa ba, a 2011 lokacin da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya.

Bisa ga haka, Lafiya wuri ne da ya dace a duba halin da sabon shugaba yake shiga ta fuskar harshe. A ofisoshin garin takarda da Ingilishi take fita, amma yawancin maganar da take sa takardar ta yi aiki da Hausa ake yin ta. Ma'aikatan kuwa sun haɗa da Eggon da Alago da Mada da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, ga kuma jikokin Barebarin da suka kafa garin, waɗanda a yau Hausa ce harshen mafi yawansu. Wato ke nan ga mafi yawan ma'aikata Hausa harshe ne na biyu, Ingilishi na uku, kuma a tsakanin waɗannan biyu ake ba da umurni, ake yabo, ake faɗa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa kalmomin shugabanci da Hausa ta aro daga Ingilishi kusan duk sunayen muƙamai ne da na takardu da na hanyoyin aiki. Kalmomin da suka shafi halin shugaba da yadda na ƙasa suke kallonsa ba su shigo ba, domin Hausa tana da nata, kuma yadda ta rarraba ma'anarsu ya saɓa da na Ingilishi. A wannan saɓani ne sabon manaja da mai fassara littafin horar da ma'aikata suke yin tuntuɓe.

2.0 Aron da ya gabaci Ingilishi

Aron sunan muƙami ba baƙon abu ba ne a Hausa. Tun a 1960 Greenberg ya kawo hujjojin harshe da suka nuna tasirin Barebari a kan Hausawa, kuma daga cikin abin da ya fi fitowa fili akwai sunayen sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima. Wannan batu yana da armashi a Lafiya musamman, tun da asalin masarautar na Barebari ne, kafin ta shiga ƙarƙashin tutar Bauchi a ƙarni na 19. Larabci kuwa ya ba da alƙali da waziri da wakili da hakimi, har ma da ita kalmar muƙami kanta, da mulki da daraja da martaba.

Sai dai Larabci bai tsaya a kan muƙamai ba. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Indiyana, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe yake auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Aƙalla shida daga cikinsu, wato amana da karamci da hankali da ladabi da hikima da adalci, tushensu Larabci ne. Dalili kuwa a bayyane yake. Larabci ya shigo ne tare da addini da karatu da tarbiyya, saboda haka ya ratsa har cikin ma'aunin hali. Ingilishi ta ƙofar bariki da ofis ya shigo, kuma har yau a nan ƙarfinsa yake. Babu ko ɗaya daga cikin kalmomin nan goma da wata kalmar Ingilishi ta ture, bayan fiye da shekara ɗari ana cuɗanya.

3.0 Abin da Ingilishi ya kawo

Kalmomin ba lokaci ɗaya suka shigo ba. Na farko su ne na soja da na mulkin Turawa: saje, kofur, samanja, kyaftin, razdan, joji, Di'o, En'e, gwamna. Aikin jirgin ƙasa, wanda layinsa na gabas ya ratsa Lafiya tsakanin Makurɗi da Kafancan, da aikin haƙar kuza a tsaunukan Jos, sun yaɗa lebura da heluma da injiniya. Ya kamata a lura cewa ba duk kalmar ofis ce daga Ingilishi ba. Akawu da oga daga Yarbanci suke, kuma wannan shaida ce ta cewa yawancin ma'aikatan farko da suka zauna tsakanin Bature da talaka mutanen Kudu ne.

Bayan samun mulkin kai, kowane gyaran aikin gwamnati ya bar tabonsa a harshe. Rahoton kwamitin Udoji na 1974 ya zo da tsarin matakan albashi daga na 01 zuwa na 17, sai lebul ya zama ma'aunin mutum, har ana cewa wane ɗan lebul takwas ne. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e ya haifi ciyaman da kansila. Doka ta 43 ta 1988 ta soke sunan babban sakataren ma'aikata ta kawo darakta janar, daga baya kuma, bayan aikin kwamitin Ayida a zamanin Abacha, aka koma wa sunan farko. Ma'aikatan da suka kafa gwamnati a Lafiya sun zo ne a daidai wannan tsakani, saboda haka suka tarar da sunaye biyu a kan kujera ɗaya.

Ta fuskar tsarin sauti babu wani abin mamaki a nan. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa, don haka ake saƙala wasali, kamar a firinsifal da taransifa, kuma ana musanya baƙin da Hausa ba ta da shi da makusancinsa, kamar yadda sufeto da fansho suka nuna. Sunayen ma'aikata da suke ƙarewa da "er" ko "or" a rubutun Ingilishi galibi da wasalin "a" suke ƙarewa a Hausa, saboda lafazin Ingila aka ji ba rubutu aka gani ba: manaja, darakta, minista, hedimasta, masinja, direba. Wannan ya haifar da wani ɗan abin lura game da jinsi. Sunan da ya ƙare da "a" a Hausa yawanci tamata ne, amma waɗannan jinsin mai riƙe da muƙamin suke bi, shi ya sa ake jin manajan banki da manajar banki, daraktan kuɗi da daraktar kuɗi. Inda aka yi ƙoƙarin ƙera siffar tamata daban, wani lokaci sai a faɗa cikin ruɗani, domin sakatariya tana nufin mace mai aikin sakatare, tana kuma nufin ginin da ma'aikatu suke ciki. Jam'i kuwa kusan duk hanya ɗaya ya bi: manajoji, daraktoci, ministoci, kwamishinoni, sakatarori, ciyamomi, ofisoshi.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne ajin kalmomin. Kusan dukkansu sunaye ne. Aikatau na Ingilishi ba kasafai yake zama aikatau a Hausa ba, canza ko canja yana cikin 'yan kaɗan da suka samu wannan gata. Saura sai an jingina su da "yi" ko "ba": an yi masa taransifa, ya yi ritaya, an ba shi kwiri, an ba da oda, ana mitin. Wato Ingilishi ya ba da sunan abin, Hausa ta riƙe aikin.

Inda aka guje wa aro aka yi fassara, matsalar da take tasowa ita ce kalma ɗaya ta ɗauki kaya da yawa. Babban sakatare yana iya zama na ma'aikata a Lafiya, yana iya zama na ƙungiyar ƙwadago, yana iya zama na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda wasu gidajen rediyo suke kira magatakarda, kalmar da ita ma ake ba rajistaran jami'a. Shugaban ma'aikata yakan rikice tsakanin na ma'aikatan jiha baki ɗaya da na fadar gwamna. Mafi muni shi ne mai fassarar da ya bi kalmomin "Vice-Chancellor" ɗaya bayan ɗaya ya ce mataimakin shugaban jami'a, alhali mutumin shi ne shugaban, wanda yake samansa kuwa uban jami'a ne da ba ya zuwa sai ranar biki. Saboda gudun irin wannan ruɗani ma'aikata sun fi sakin jiki da taƙaitattun haruffa, Bi-Si da Di-Ji da Em-Di, kamar yadda kakanninsu suka yi da Di'o da En'e.

4.0 Abin da Ingilishi bai kawo ba

Littattafan koyar da shugabanci da ake amfani da su wajen horar da ma'aikata suna yawan nanata wa sabon manaja cewa "respect" abu ne da ake samu da gumi, kuma aikatau ɗin da suke haɗa shi da shi, wato "earn", shi ne dai wanda ake amfani da shi wajen albashi. A tunanin da yake bayan wannan magana, sabon shugaba yana farawa ne da hannu wayam, sannan ya riƙa tarawa. Mai fassarar da ya mai da wannan zuwa "neman girma" ya juya maganar kanta ƙasa, domin a kunnen Bahaushe mai neman girma ko mai son girma abin zargi ne. Matsalar ita ce abin da Ingilishi ya dunƙule a kalma ɗaya Hausa ta raba shi aƙalla gida huɗu, kuma hanya mafi sauƙi ta gane bambancinsu ita ce a duba aikatau ɗin da kowanne yake tafiya da shi.

Na farko shi ne girma. Asalin ma'anarsa yawan jiki ne da yawan shekaru, daga nan ya faɗaɗa zuwa matsayi. Girma ba da shi ake yi, a kama shi, a ja shi, a zubar da shi, yana kuma faɗuwa, kamar yadda karin magana ya ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Abin sha'awa shi ne da Hausa ta tashi fassara ɗaukaka ma'aikaci daga mataki zuwa mataki, ƙarin girma ta ce. Ke nan girma yana zuwa tare da kujera. Sabon manaja yana da shi tun ranar da ya karɓi takardar naɗi, kuma za a miƙe masa a gaishe shi ko da bai tsinana komai ba tukuna. Aikinsa shi ne ya kama shi kada ya zube. Sai dai a cikin ofishin akwai wani girman da takardar naɗi ba ta shafe shi ba, wato na shekaru. Tsohon masinjan da ya haifi kamar manajan yana ɗan lebul biyu ko uku, amma yana da girman da manajan ba shi da shi. A Lafiya ta bayan 1996 waɗannan girma biyu sun yi ta karo, kuma tsarin matakan albashi ɗaya kaɗai ya sani.

Na biyu shi ne mutunci, wanda aka ƙera daga mutum da ɗafa-ƙeyar "ci". Kowa yana da shi, babba da yaro, domin kowa mutum ne. Ana kare shi, ana tsare shi, ana ganin sa, ana kuma ci ko ketawa ko zubar da shi. Akwai wata juyawar ma'ana a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. In aka ce wane ba shi da kuɗi, ana nufin kuɗi ba su zo hannunsa ba. Amma in aka ce wane ba shi da mutunci, ba ana nufin mutane sun hana shi ba ne, ana nufin shi ne ba ya mutunta mutane. Wato da abin da mutum yake bayarwa ake auna mutuncinsa. Haka kuma kalmar tana karɓar ma'anar tarayya, kamar a "akwai mutunci tsakaninsu" ko "suna mutunci da juna", abin da girma ba ya karɓa, domin girma daga ƙasa yake hawa sama. A duba waɗannan jimloli:

(1) An yi wa oga ƙarin girma.
(2) Oga ya kama girmansa.
(3) Oga ya ci mutuncin akawunsa a gaban masinja.
(4) Ma'aikata suna ganin mutuncin oga.

Jimla ta (1) aikin hukuma ce. Ta (2) tana nuna shugaban da bai yi abin da zai jawo masa raini ba. Ta (4) ce kaɗai ta yi kusa da abin da littattafan Ingilishi suke nufi, kuma wanda ya aikata abin da yake cikin ta (3) da wuya a faɗi ta (4) a kansa, ko da kuwa an ci gaba da miƙe masa. A ta (3) ɗin ma ba faɗan ne laifi ba, "a gaban masinja" shi ne laifin.

Na uku shi ne kwarjini. Wannan Hausa ba ta ɗauke shi abin da ake nema ba, baiwa ce, shi ya sa ake cewa Allah ya yi wa wane kwarjini. Sabon shugaban da ya so ya ƙera shi da ɗaure fuska da tsawa abin da yakan samu shi ne tsoro ko shakka, kuma ma'aikata sun san bambancin sarai, domin wanda ake tsoro ranar da ya yi tafiya ofis hutu yake yi. Na huɗu kuwa ladabi ne da biyayya, waɗanda su haƙƙi ne a wuyan na ƙasa. Ba a cewa shugaba ya yi wa akawunsa ladabi, sai dai a ce ya mutunta shi ko ya karrama shi. Martaba da alfarma sun fi zama a bakin fada, inda suka zama laƙabi: Mai Martaba ga sarki, Mai Alfarma ga Sarkin Musulmi, Mai Girma ga gwamna, Mai Shari'a ga babban alƙali. Lafiya ta ga mutum ɗaya ya ratsa biyu daga cikin waɗannan, domin Sidi Bage Muhammad alƙali ne a Kotun Ƙoli kafin ya gaji Sarki Isa Mustafa Agwai a 2019.

Kishiyar dukkan waɗannan a Hausa kalma ɗaya ce, raini, kuma ita ce ainihin abin da sabon manaja yake tsoro ko bai furta ba. A nan ne shawarar littattafan Ingilishi take cin karo da al'ada. Su suna cewa shugaba ya bar ƙofarsa a buɗe, ya saba da na ƙasa, har ya yarda a kira shi da sunansa na yanka. Hausa kuwa ta tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Amma ita Hausar ce kuma ta ce girman kai rawanin tsiya, ta ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ake nema a tsakani yana da suna, sakin fuska tare da kamun kai, kuma babu wata kalmar Ingilishi guda da ta ɗauke shi. Duk mai son tsara keɓaɓɓun kalmomin gudanarwa, irin aikin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 game da kalmomin nazarin harshe da adabi, zai bukaci ya shigar da kowace kalma tare da aikatanta, domin jera girma da mutunci da kwarjini a gaban kalmar Ingilishi ɗaya ba zai gaya wa mai karatu wanne ake ci wanne ake kamawa ba.

5.0 Gyara da umurni da kira

Irin wannan rarrabuwa ana samun ta a kalmar "feedback", wadda ta zama ruwan dare a tarurrukan horarwa. A Ingilishi ta haɗa yabo da gyara, kuma tana iya fitowa daga sama ko daga ƙasa. Hausa ba ta da kalma ɗaya mai wannan faɗi, domin gyara a wurinta tsani ne mai matakai: nasiha, jan hankali, jan kunne, gargaɗi, faɗa, tsawatarwa. Duk waɗannan daga sama suke sauka. Na ƙasa in zai gyara wa shugabansa sai ya sake wa abin suna, ya ce shawara ce yake kawowa, ko ya ce tuni yake yi, yana mai nuna cewa shugaban ya riga ya sani, mantuwa ce kawai. Manajan da ya tara ma'aikatansa ya ce kowa ya faɗi laifinsa a fili shiru zai ji, kuma kuskure ne ya ɗauki shirun a matsayin yarda.

Kwiri misali ne na kalmar da aka aro amma ta sauya nauyi a hanya. A ƙa'idojin aikin gwamnati takarda ce ta neman ba'asi, wadda take ba ma'aikaci damar kare kansa cikin wani ƙayyadadden lokaci kafin a yanke masa hukunci, wato kariya ce gare shi. A Hausar ofis kuwa "an ba shi kwiri" ana jin ta ne kamar hukuncin kansa, saboda takardar tana shiga fayil, fayil kuma ba ya mantuwa. Shugaban da ya fara da ita kafin ya kira mutum gefe ya ja masa kunne bai karya doka ba, amma ya tsallake matakai uku ko huɗu na tsanin da aka ambata, kuma sunan abin da ya yi a bakin ma'aikata cin mutunci ne.

"Delegate" akan fassara ta da wakilta, sai dai wakili yana tsayawa ne inda mai abu ba ya nan, alhali abin da ake nufi a ofis shi ne shugaba yana zaune ya bar wa na ƙasa wani sashe na ikonsa. Damƙa ko danƙa ta fi dacewa, musamman da yake tana tafiya da amana, ita amana kuwa ta ɗauki mafi yawan abin da ake nufi da "accountability".

Wajen ba da umurni, Ingilishi yana tausasa magana ta hanyar tsawaita ta da kalmomin roƙo. Hausa wata dabara take da ita:

(5) Kawo fayil ɗin.
(6) Ka kawo fayil ɗin.
(7) A kawo fayil ɗin.
(8) Ko za a taimaka mini da fayil ɗin?

Daga (5) zuwa (8) umurnin bai ragu ba, fayil zai zo ko ta yaya. Abin da ya sauya shi ne a (7) da (8) an janye wakilin sunan wanda ake umurta an sa "a" na boyayyen mai aiki, saboda haka ba a nuna shi da baki ba. Manaja matashi da zai aiki dattijo (7) ko (8) zai ɗauka, kuma sai bayan gaisuwa, tare da Baba ko Malam ko Mama a gaban sunan. A nan yanayin Lafiya ya ƙara wani abu. Sananne ne cewa a Hausar waɗanda suka koye ta a kasuwa da wurin aiki bambancin jinsi yakan raunana, har a ce wa mace "ka", kuma irin waɗannan matakai na tausasawa ba duka suke fitowa ba. Ma'aikacin da aka turo daga Kano ko Katsina yakan ji (5) daga bakin na ƙasa da shi ya ɗauka raini ne, alhali mai maganar iyakar Hausarsa ke nan, kuma a harshensa na gida yana da hanyoyin girmamawa da baƙon bai sani ba. Haka shi ma baƙon in ya yi amfani da (8) wani yakan ɗauka zaɓi aka ba shi.

Kalmomin kira su ma kowacce da iyakarta. Ranka ya daɗe da yallaɓai suna da ƙamshin fada da En'e. Malam da Alhaji da Hajiya suna da alaƙa da addini, a ofishin da Musulmi da Kirista suke zaune tebur da tebur. Sa da madam sun fi dacewa da lokacin da ake magana da Ingilishi, ita madam kuma tana iya nufin shugaba mace ko matar shugaba. Bos kuwa ta shigo Hausa ta wata ƙofa dabam, domin a bakin masu kallon finafinai bos shi ne mugun da jarumi zai kashe a ƙarshe, abin da bai ƙara mata farin jini a ofis ba. Wannan ne ya bar wa oga fili. Ba ta kowace ƙabila ba ce daga cikin mazauna jihar, ba ta nuna addini, kuma ta zauna daram a nahawun Hausa har tana ɗaukar mallaka, ogana, ogansu, tana kuma da mataki na sama, oga kwata-kwata.

Amma oga ba daidai take da manaja ba, kuma ba daidai take da shugaba ko jagora ba, waɗanda ƙirarsu take nuna shiga gaba da jan gora. Kujerar da oga ta hau ta maigida ce. M. G. Smith, a nazarinsa na matsayi a al'ummar Hausawa na 1959 da littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960, ya bayyana yadda barantaka take ɗaure bara da ubangidansa da haƙƙoƙi ta kowane ɓangare, na ƙasa ya yi biyayya da hidima, na sama ya yi kariya da ɗawainiya. Ikon manaja yana ƙarewa da lokacin tashi daga aiki. Oga kuwa ana sa ran ganinsa wajen suna da ɗaurin aure da zaman makoki, ana sa ran ya sa baki in ɗan masinja yana neman gurbin karatu, ya kuma san wanda matarsa take kwance a asibiti. Shi ya sa ake jin jimla irin wannan:

(9) Ogan nan ya iya aiki, amma ba ya zumunci.

Fom ɗin auna ƙwazon ma'aikaci na shekara-shekara, wanda ya maye gurbin rahoton sirri bayan Udoji, yana da gurbin rabin farko na wannan jimla. Rabi na biyu kuwa ba a tanadar masa layi ba, ko da yake ma'aikata sukan duba shi kafin su yanke shawarar ko za su tsaya bayan lokacin tashi su gama wa ogan aikin da ake jira gobe da safe.